Lamba Talatin da Ɗaya

Bayan Kabuga, inda kwalta ta karya,
akwai fegin da aka kewaye da waya,
kunya arba'in, kowace da ɗan allonta.
Nan nake wuni da biro a bayan kunne,
ina ƙirga 'ya'yan da ba ni na haifa ba.

Lamba bakwai ta fi ni tsawo.
Ganye kamar tafin hannun maƙeri,
in iska ta taso sai ta yi rangaji,
baƙi daga ofis su tsaya gabanta su ɗau hoto.
Ni ma na so ta, ba zan ɓoye ba.
Sai na ɗaga ganyen na leƙa:
reshe tara, rabi na ado ne,
ƙululu goma sha ɗaya, huɗu tsutsa ta riga ni.
Abin da ƙasa ta ba ta, a sutura ta kashe shi.

Talatin da ɗaya kuwa iya ƙuguna take,
gajera, mai gashi a bayan ganye,
ƙwaro ya sauka ya rasa wurin sa baki.
Kwana hamsin ta yi fure, ba ta jira kowa ba,
fari da safe, kafin gobe ya koma ja.
Tun gaɓa ta biyar ta fara miƙa hannu,
kowane hannu da goyo uku.
Na ƙirga, na ɓata, na sake:
talatin da takwas.

Na kai sikeli, na gurje, na ware angurya gefe.
Dakta Mamuda ya gyara tabarau:
"Yawa yana rage nauyi, Nafi'u.
Gidan 'ya'ya da yawa, kowa da ƙaramin kwano.
Amma tara su ka gani."
Na tara. Ta ninka doguwar har biyu.

Da yamma na ƙunsa kaɗan a aljihu,
na hau a-daidaita zuwa Yakasai,
wurin Iya Tasalla, wadda mazarinta
ya tufatar da babana kafin masaƙar Bompai ta ɗauke shi,
ya kuma ciyar da mu bayan ta rufe ƙofa.
Ba ta gani sosai yanzu.
Ta shafa alli a yatsa, ta ja sili, ta murza, ya tsinke.
Ta sake ja. Ya tsinke.
"Wannan za ta cika buhu, ba za ta cika ƙoshiya ba.
Ina ɗayar?"
Na miƙa mata ta 'yar ƙwalisar.
Zare ya fito yana tafiya kamar tatsuniyar dare,
bai tsaya ba sai da hannunta ya ƙare.
Ta yi dariya da haƙoranta biyu:
"Malalaciya ce, amma ta san abin da ake nema."

To, sai aure.
Da damina ta dawo, wata la'asar,
na buɗe furen gajerar da ɗan hantsaki,
na cire mazan ciki tun ba su farka ba,
na rufe da takarda.
Da hantsi na kawo garin furen doguwa,
na shafa, na ɗaura jan zare a wuya.

Dakta ya ce shekara bakwai, ko takwas,
kafin jikoki su daina canza hali:
wani ya ɗauko tsawon zare ya bar yawa,
wani ya kwaso aibin gida biyu.
Cikin dubu ake neman ɗaya.

Na gaya wa Iya.
Ta ƙirga a yatsu, ta tsaya a na huɗu,
ta naɗe mazarin a tsumma ta miƙo mini.
"Ajiye a wurin aikinku. Ran da ta fito,
a nemo mai hannu ta gwada,
kada a tambayi sikeli shi kaɗai."

Yana nan cikin durowa, kusa da littafin ƙirga,
allinsa yana ɓata min takardu.
Gobe akwai kunya arba'in.
Zan fara daga ta ɗaya.